Atamfar Ritayar Madam

A sana'armu ta zane babu ranar da wani ba ya ce mini in gyara wani abu. Wani ya ce in ƙara girman sunansa, wani ya ce jan bai yi ja ba, wani ya ce shi yana so amma matarsa ta gani ba ta so. Yawancinsu ina mantawa da su tun kafin in kashe ordinater, wato kwamfuta. Amma akwai gyara guda da aka taɓa yi mini a tsakar gidanmu a unguwar Bukoki, wanda ko tsufa ya zo ya kwashe mini komai daga kai, na san wannan zai bar mini. Mahaifiyata ce ta yi mini shi, kuma daga farkon maganar har ƙarshenta ba ta dube ni ba.

Bari in fara bayyana wannan, don kada a ɗauka gaba muke yi. Ni ce 'yar fari. Iyayena mutanen Dogon Dutsi ne, aiki ya kawo su Yamai tun kafin a haife ni, kuma sun taho da al'adarsu cif, ba su yar da komai a hanya ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta hira da shi a gaban mutane. Ana yaye ni aka kai ni Saga wurin Gwaggo, ƙanwar babana. Can na girma a bakin gonakin shinkafa, sai da na isa shiga kolej na dawo Bukoki. In mahaifiyata za ta yi maganata da Gwaggo, "ɗiyarki" take cewa. In Gwaggo ba ta nan, ni ce "waccan". In kuwa daga ni sai ita a ɗaki, sai ta dubi bango ta ce akwai tuwo a kwano in wani yana so. Ni ce wanin.

Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba. Madam nake ce mata kamar yadda duk unguwa ke cewa, domin ungozoma ce a matarnite, wato asibitin haihuwa, kuma rabin Bukoki a hannunta suka faɗo duniya. Abin da ke ba ni dariya yanzu, da can kuwa yake ci mini rai, shi ne matar nan ba ta mantuwar sunan yaro. Za ta gamu da ƙaton saurayi a kan kabu-kabu, ta kira shi da sunansa, ta kira sunan uwarsa, ta tuna masa cewa da ƙafa ya fara fitowa. Suna ɗaya ne a duk Yamai ba ya fita daga bakinta, shi ne nawa.

Burinta in gaje ta. Ban ji daga bakinta ba, amma wata rana na tarar da takardun shiga makarantar kiwon lafiya a kan katifata, kuma ba iska ta kawo su ba. Na shiga. Ranar da aka fara kai mu ɗakin haihuwa na suma, aka yayyafa mini ruwa na farfaɗo, na ɗaga kai na ga abin bai ƙare ba na sake suma. Daga nan na bari, na koma koyon zane a ordinater: katin biki, allon butik, takardar da ake liƙa wa kwalbar zuma. Da Gwaggo ta kai mata labari, Madam ta ce, "To." Wannan "to" ɗin na ɗauka na yi ta yawo da shi shekara da shekaru. Ban san ko fushi ne ba, ko haƙuri, ko ta fid da rai da ni ne gaba ɗaya. Abin da nake son sani bai wuce ɗaya ba: a idonta abin da nake yi aiki ne, ko wasa ne nake yi a gaban allo kafin Allah ya kawo miji?

Da lokacin ritayarta ya zo, matan zumunta na majami'armu suka ce sai an yi mata biki da inifom, wato kowa ta ɗinka atamfa iri ɗaya. Matan unguwa suka ji, Musulmi da Kirista, suka ce ba wanda ya isa ya bar su a baya, ai su ma a hannunta suka yi ihu. Shugabar zumunta, wata malamar lakwal, wato makarantar boko, da ko gaisuwa take yi sai ka ji kamar tana kiran yara daga fili, ta yanke cewa ba za a sayi atamfar kasuwa ba, za a buga ta musamman, kuma tun da akwai mai zane a gida ba sai an je nesa ba. Aka sami wani ɗan kasuwa da zai kai zanen masaƙa a Lome. Tun ranar farko ya gargaɗe ni cewa in ya tafi ya tafi, ba a kiran masaƙa a ce su dakata mata sun sake shawara.

Na yi murna, na kuma ji tsoro. Karon farko ke nan da aikina zai shiga gidanmu ta ƙofar gaba, Madam ta gan shi ko tana so ko ba ta so.

Na zauna na yi abin da ake yi wa duk wani babban mutum. Na samo hotonta mafi kyau, da gilashinta da farar rigar aiki, na sa shi ƙato a tsakiyar zani, na kewaye shi da zangarniyar hatsi, ƙasan kuma shuɗi. A allo ya yi kyau ƙwarai, har na kira maƙwabcin shagona ya gani. Na tura a gurup ɗin da matan suka buɗe a tarho, na rubuta cewa ina jiran ra'ayin kowa. Tun daga ranar ban ƙara rubuta wannan jimla ba.

Saƙonnin murya suka fara shigowa. Kowace sai ta gaida ni, ta gaida Gwaggo, ta tambayi zafi, ta tambayi aiki, ta ce zane ya yi kyau babu abin gyarawa, sannan ta faɗi abin gyarawa. Shugaba tana son kurciya. Matar fasto tana son aya, ta kuma zaɓo doguwa. Wata tsohuwar abokiyar aikin Madam ta ce yaya za a yi atamfar ungozoma babu sikelin auna jarirai, wata ta ce in har sikeli ya shiga to allura ma ba baƙuwa ba ce. Wata ta ce shuɗin nan zai ƙara mata baƙi. Hajiya maƙwabciyarmu, Bazabarma, wadda katanga kaɗai ta raba gidanmu da nasu, ta ce fofo da aiki, wato sannu a yarensu, ita ba ta da magana, sai dai ba za ta iya salla da fuskar mutum a jikinta ba, amma ba komai, za ta zo da wani zani a jaka.

Patron ɗin da na koyi aiki a wurinsa ya koya mini cewa kilyan, wato mai kawo aiki, ba ya kuskure, kuma amsar kowane gyara ita ce "na ji, za a yi". Na kuwa ji, na yi. Kurciya ta sauka a kafaɗar Madam, sikeli ya zauna a hagu, allura a dama, aya ta zagaye hoton har ƙarshenta ya hau farkonta. Kowa ta ga abinta ta turo addu'a. Madam tana cikin gurup ɗin. Tarho yana nuna mini ta buɗe kowane hoto, sau da yawa ma ita ce ta farko. Ba ta ce uffan ba.

Na roƙi Gwaggo ta je ta jiyo mini. Ta hau motar haya ta faba-faba daga Saga, ta wuni a Bukoki, ta ci abinci, ta yi barcin rana, ta dawo mini da magana ɗaya.

"Ta ce ba a auna zani a tarho. A bugo mata shi bisa ƙyalle, girman da za a ɗaura."

Na ɗauka idonta ne ya fara rauni, har tausayinta na ji. Na kai wa masu buga allunan talla, suka buga mini shi a kan farin yadi, tsawon zani guda.

Ranar Lahadi bayan an taso daga sujada aka taru a tsakar gida, ƙarƙashin dogon yaro. Akwai Gwaggo, da Shugaba, da matar fasto. Hajiya ta fara leƙowa ta katanga, sannan ta zagayo ta ƙofa. Na baza yadin a kan igiyar shanya, aka yi ta madalla. Shugaba ta shafa kurciyarta ta ce kamar ta tashi sama. Ni kuwa ina tsaye gefe ina sunkuyar da kai irin na wadda ake yabo, kunnena yana ɗakin Madam.

Ta fito. Ta je ta wanke hannu da sabulu har gwiwa, a natse, sannan ta sauke yadin daga igiya. Ba ta tsaya kallonsa ba. Ta ɗaura shi a kan zaninta, ta soke, ta juya mana baya.

Fuskar Madam ta dube mu daga mazaunan Madam, da gilashinta da komai. Na sa hoton a tsakiyar zani, tsakiyar zani kuwa duk macen da ta taɓa ɗaurawa ta san inda take faɗawa, har da ni da nake ɗaura shi kullum. Amma a allo zani ba shi da gaba ba shi da baya. Ta taka a hankali zuwa randa, fuskar tana karkata hagu da dama kamar mai jin wa'azin da bai gamsar da ita ba. Ta sha ruwa, ta dawo, ta jawo 'yar kujera, ta zauna a kai.

Ba wadda ta yi dariya. Matar fasto ta sami abin kallo a saman dogon yaro. Hajiya ta cusa gefen mayafinta a baki, kafaɗunta suna rawa.

Madam ta dubi Gwaggo ta ce, "Ki tambayi ɗiyarki, mata nawa tac ce za su ɗaura wanga abu?"

Gwaggo ta juyo gare ni, ko da yake in na miƙa hannu zan taɓa Madam. "Ana tambaya, mata nawa?"

Na ce duk unguwa.

"Ta ce duk unguwa."

"To," in ji Madam. "Bayan matan unguwag ga babu wanda ban gani ba. Aikina ne, ban taɓa ƙorahi ba. Amma na aza in na aje aiki na huta da wurin. Ban san can za a maishe ni in zauna ba."

Hajiya ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta. Muna jin dariyarta ta bayan katanga, har da tari.

Kunya ta sa na yi zafi. Na ce wa Gwaggo ta faɗa wa Madam haka ake yi a ko'ina, atamfar shugabannin ƙasa ma haka ake buga ta, kuma ba wanda ya mutu. Gwaggo ta juya ta ce, "Ta ce ta gode, za ta duba."

"Na ji abin da tac ce," in ji Madam. "Kunnena bai yi retret ba. Ki ce mata shugabanni su sunka ja ma kansu. Ni mi na yi ma mutane?"

Gwaggo ta juyo ta ce mini, "Ta ce Allah shi yi miki albarka."

Haka muka yi faɗanmu na farko a duniya, ni da mahaifiyata, da tafinta a tsakiya tana zuba wa kowace magana ruwa kafin ta miƙa.

Sai Madam ta tashi ta kwance yadin, ta koma ta zauna, ta shimfiɗa a cinya, ta bi shi da yatsa. "Kurciyag ga ta Shugaba ce. Ayar ta matar fasto ce. Sikeli na san mai shi, allura ma na sani. Kowa ta hwaɗi nata an sa mata." Ta ninke yadin ta ajiye a gefe. "Ki tambaye ta, ita mai aikin, ina nata?"

Wannan Gwaggo ba ta fassara shi ba. Ba ta sami ruwan da za ta zuba masa ba.

Na bi Gwaggo Saga a ranar, ko yadin ban ɗauka ba. Da la'asar na zauna a bakin gona ina kallon masu dashen shinkafa, ina shirya yadda zan kira Shugaba in ce su sayi atamfar kasuwa su rabu da ni. Na yi kuka sosai. Ba maganar hoton ce ta yi mini ciwo ba, wannan an gani an yi dariya ya wuce. Tambayar ƙarshen ce. Ji na yi amsar da na daɗe ina jira ce ta zo, kuma ta zo a gaban mutane: ba ki da komai naki, abin da aka ce miki kike liƙawa.

Gwaggo ta zo ta zauna kusa da ni da faifan shinkafa tana tsince tsakuwa. Ba ta rarrashe ni ba, ba halinta ba ne.

"Kin san 'yan koyo da ake turo mata a gidan likita?" ta ce. "Wadda ta hidda rai da ita, in ta yi aiki sai ta ce mata ya yi kyau, ta aike ta wankin kwanoni. Wadda take ganin za ta zan ungozoma, ita ka kuka kullum." Ta jefar da tsakuwa. "Kin ga ta wanke hannu kahin ta taɓa ƙyallen? Ni na gani. Ba ta wanke hannu haka sai za ta kama aiki."

Na ce to me ya hana ta faɗa tun a tarho, ta bari sai da aka tara mini mutane.

"Da ta hwaɗa a tarho, da kin ce kin ji za a yi, ki matsa da hoton gehe, ki ƙara kurciya ɗaya."

Na so in yi musu, amma daidai abin da zan yi ke nan.

Washegari na koma shago na share komai, allo ya koma fari. Na tambayi kaina me na sani game da Madam wanda matan gurup ba su sani ba, sai na tarar ko fuskarta ban sani sosai ba. 'Yar fari ba ta kallon uwa a ido. Duk rayuwata in tana kusa idona a ƙasa yake, abin da ke ƙasa kuwa hannuwanta ne. Su na sani ciki da waje: gajerun farce, tabon ƙuna a bayan na dama, da ƙaramin yatsan hagu da ya karye tun tana yarinya ya warke a karkace. Na san yadda take karɓar jariri in an kawo shi gida a duba cibiya, hannu ɗaya a ƙeya, ɗaya a ƙasa, yatsan nan a tashe shi kaɗai. Ban nemi hoto ba. Na zana hannuwa biyu a haka, ƙanana, na jera su suna maimaituwa a faɗin zanin. In ka tsaya nesa sai ka ɗauka ganye ne, sai ka matso ka ga hannu.

Wannan karon da aka bugo mini a yadi, ni na fara ɗaurawa. Na tsaya gaban madubi na juya, na zauna, na durƙusa, na goya matashin kai. Na sa Gwaggo ma ta ɗaura, tun da ta fi ni faɗi.

Sauran aikin ya fi zanen wuya, wato gaya wa mata an cire musu kayansu. Ban yi shi a gurup ba, gida gida na bi. Mai maganar shuɗi ta yi gaskiya, domin da na ɗora shi a fatar mutum na ga yana dusashe ta, sai na mai da shi ruwan ƙasa da ɗan ruwan ɗorawa, na je na gaya mata ita ce ta gyara wannan. Har yau tana gaya wa mutane tare muka zana. Hajiya ta ji babu fuska ta ce jakarta ta yi sauƙi. Matar fasto ta haƙura nan take da na tambaye ta ko tana son a zauna a kan ayar. Shugaba ce ta ba ni wahala. Ta ce ko 'yar ƙaramar kurciya ce a sa, can a lungu, inda ba wanda zai gani. Na ce in ba wanda zai gani, to mu ɗauka tana nan. Ta dube ni ta saman gilashi ta ce ashe bakin Madam gare ni, ɓoye shi nake yi. Ranar na fara ce wa kilyan a'a, kuma na koma gida da ƙafafuna.

Gwaji na biyu ba a yi taro ba. Daga ni sai Gwaggo sai Madam, sai kan Hajiya a saman katanga. Washegari ɗan kasuwa zai kama hanyar Lome. Madam ta wanke hannu, ta ɗaura, ta juya, ta taka zuwa randa, ta zauna, ta tashi, ta sunkuya kamar mai ɗaukar abu a ƙasa. Sannan ta kwance, ta kai yadin kusa da gilashinta. Ta daɗe a kan hannu ɗaya. Na ga lokacin da ta gane yatsan, domin a hankali ta janye hannunta na hagu ta sa shi ƙarƙashin mayafi. Ba ta ce komai a kansa ba, har yau.

Ta bi yadin har bakinsa, inda ake barin farin layi don masaƙa ta rubuta sunanta. Ta juya ta duba ɗaya bakin.

"Da saura," ta ce wa Gwaggo.



"A gidan likita, duk wadda ta karɓi haihuwa sai ta sa sunanta, in abu ya ɓaci a san wadda za a kama. Wanga aiki ba shi da mai shi? A rubuta suna nan, cikakke, da baƙaƙen da tsohuwa ka iya karantawa."

Gwaggo, wadda ba ta taɓa barin dama ta wuce ta ba, ta gyara zama. "Wane suna za a sa?"

"Na mai aikin."

"Ai masu aiki da yawa a garin ga. Hwaɗa mini in hwaɗa mata."

Madam ta ajiye yadin. "Ta san sunanta," ta ce, ta shige ɗaki.

Ni a lokacin fassara ɗaya na yi wa maganar: tana so in atamfa ta zuba a wanki mata su san ƙofar da za su buga. Na rubuta sunana a bakin, na miƙa wa ɗan kasuwa, na koma ina addu'a kada ta zuba.

Atamfa ta iso a ƙurarren lokaci, telolin Bukoki suka yi ta masifa suna ɗinki. Ranar biki aka kafa rumfuna aka tare titi, masu taksi suna zuwa suna zagi suna juyawa. Na tsaya gefe ina kallon hannuwan Madam a jikin mata ta ko'ina, a kafaɗa, a ƙugu, a bayan masu goyo suna tallafe da jarirai na gaske. Wannan ban shirya shi ba, da kansa ya zo.

Atamfa mai tsada ce mata ke barin bakinta a waje don a karanta sunan masaƙa. Irin tamu ta inifom, tela kalmashe farin layin yake yi ya bi da keke, kuma haka aka yi wa kowa, har ni. Sunana ya shige cikin ɗinki a jikin mata duka, ban kuwa damu ba. Sai Madam ta fito. Zanin da ta yafa a kafaɗa farin layinsa yana nan a waje, kuma ta ninke shi yadda rubutun ya faɗo gaba, daidai ƙirjinta. Ita da ta san inda komai ke faɗawa a jikin zani. Duk da haka na raɗa wa Gwaggo cewa telan Madam ya yi ha'inci, bai gama aiki ba.

"Ya gama," in ji Gwaggo. "Ta maida mishi ya warware."

Ina tsaye bayan kujerarta da kular ruwa a hannu, sai wata babbar likita da suka yi aiki tare ta zo gaisuwa. Ta shafa atamfar ta ce wa ya zana wannan, daga Abijan aka kawo? Na kasa kunne. Na ce a raina yau dai ko da kuskure ne sai na ji. Madam ta kamo bakin zanin, ta miƙe shi, ta ɗora karkataccen yatsan nan a ƙarƙashin rubutun.

"Karanta," ta ce.

Likita ta karanta sunana a fili, cikakke, sannan ta ce, "A'a, ɗiyarki ce?"

"Ɗiyar waccan ce," in ji Madam, ta nuna Gwaggo da haɓa. Amma ba ta saki bakin zanin ba.

Haka ta wuni. Duk wanda ya yaba atamfa sai ta ce ya karanta. Wanda bai yaba ba ma, in ya daɗe a tsaye, sai ya karanta. Fasto ya karanta. Mai unguwa ya ce bai zo da gilashi ba, ta ara masa nata. Wata tsohuwa ta ce ba ta yi lakwal ba, Madam ta sa Shugaba ta karanta mata, ta ce tsohuwar ta maimaita. Ni ina bayanta da kula, ina jin sunana yana fita daga bakin mutane ɗaya bayan ɗaya, ita tana sauraro, fuska a ɗaure kamar mai duba awon jini. Na zagaya bayan rumfa na yi kukana, na wanke fuska da ruwan kular na dawo. Ban taɓa jin daɗi a rayuwata irin na ranar ba.

Shekaru sun shuɗe. Har yau Madam ba ta kira sunana ba, ba ta kuma taɓa cewa atamfar ta yi kyau ba. Sauran mata tasu ta daɗe da zama zanin goyo, ita kuwa tana nan tana yafa tata zuwa sujada. Kwanan baya ta aiko Gwaggo ta ce mini rubutun bakin ya fara kodewa, masaƙar ba ta da kirki, in za a sake bugawa a ƙara masa tawada. Na ce na ji, za a yi.

Tun daga wancan biki na canza yadda nake karɓar gyara. Masu ce mini ya yi kyau ina yi musu godiya in ci gaba da aikina. Masu son kurciya ina saurarensu, in auna, wani in ɗauka wani in bari, in faɗa musu dalili da bakina. Amma in na sami wanda ya wanke hannu, ya ɗaura aikina a jikinsa, ya zauna a kai don in ga inda ya ɓaci, ba na ƙara tambayar ko ya ɗauki abin da nake yi aiki. Ba wanda ke yi wa wasa wannan wahala. Na yi shekaru ina jiran Madam ta ba ni amsa da baki, ashe ta ba ni tun ranar da ta zauna a kan fuskarta.